Kunnen Malamar Turanci

Wata safiya cikin hunturu na zauna a bencin ƙarshe na wani aji a wata ƙaramar sakandare da ke Gusau, ina kallon wata malamar Turanci tana aikinta. Yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa, wasu hurhuɗu a benci, wasu a ƙasa bisa buhu. Ta ce kowa ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya faru a gidansu jiya. Tana zagawa tana leƙa littattafai, sai ta tsaya a kan wani yaro mai kaushin sanyi a hannu, ta ɗauki littafinsa ta karanta a bayyane: *My father he drink medicine.* Na zaci za ta zaro jan biro. Sai ta dube shi ta ce da harshen garin, "Ɗana, mi kaka son cewa? Hwaɗa man da Hausa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Babana ya sha magani." Ta ce, "Madalla. Hausarka ba ta da aibi ko kaɗan." Ta nufi allo ta rubuta jimlar Hausa a sama, ta Turancin a ƙasa, ta ja layi daga kowace kalma zuwa 'yar'uwarta. Babana ya sauka kan *my father*, ya kan *he*, sha kan *drink*, magani kan *medicine*. Ta juyo ta ce wa ajin, "Kun gani? Bai yi shirme ba. Kayan gidanmu ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya sa musu rigar Bature."

Kuskure uku ne a cikin wannan gajeriyar jimla, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ƙa'idar Hausa ce da yaron ya kiyaye da kyau. A Hausa ba a cewa "Audu tafi", dole sai an ce "Audu ya tafi", wato wakilin suna yana biye da sunan ko da an ambace shi. Turanci bai yarda da wannan maimaicin ba, idan an kawo suna to ya wadatar. Na biyu, mu a Hausa lokacin aiki yana maƙale ne a jikin wannan wakilin sunan: ya sha, zai sha, yakan sha, yana sha. Aikatau ɗin yana nan zaune daram. Turanci kuwa cikin aikatau yake tura lokacin, har kalmar ta sauya kama, *drink* ta koma *drank*, *go* ta koma *went*. Na uku, Bahaushe shan magani yake yi ko da ƙwaya ce, Bature kuma *take* yake cewa. Cikin minti goma malamar nan ta warware wa yara fiye da saba'in abubuwa uku da za su bi su har jami'a in ba a warware ba, kuma yaron da ya yi kuskuren ya koma wurin zamansa yana murmushi.

Wannan kunne, mai jin Hausar da ke kwance a ƙarƙashin Turancin yaro, shi ne gwanintar da nake son in yaba. Mu da yawa ba mu samu irinsa ba. A makarantar da na yi, akwai mai rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa a aji, a ci shi tara ko a ba shi shara. Abin da muka koya daga wannan doka shi ne yin shiru. Muna iya zayyano sassan magana takwas na nahawun Turanci kamar karatun fatiha, amma in baƙo ya tambaye mu hanyar tasha sai baki ya mutu. An ɗauki harshen da muka sha a nono kamar ciyawar da za a nome kafin shuka ta fito, alhali shi ne ƙasar da za a yi shukar a kanta.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne halin ɗaliban ƙasar Sin, waɗanda a kasuwa muke kira 'yan Caina. Ƙasarsu tana cikin waɗanda suka fi yawan masu koyon Turanci a makaranta. Tun 2001 hukumar iliminsu ta sa a fara koyar da shi daga aji uku na firamare, kuma a babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a, gaokao, wadda ake yi a watan Yuni, harshen waje yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna. Tuntuɓen da yaron Beijing yake yi ya yi kama da na yaron Tsafe har abin ya ba mutum mamaki. Aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa saboda lokaci, don haka shi ma yakan bar *go* a inda ake son *went*. Gaɓar kalmarsu kusan kullum da wasali take ƙarewa ko da ɗan sautin hanci, shi ya sa yakan liƙa wasali a ƙarshen kalmar Turanci, kamar yadda muka mayar da *bread* burodi, *bucket* bokiti. Mu muna kashe fitila, su kuma rufe ta suke yi, sai ka ji yaronsu ya ce *close the light*, namu ya ce *kill the light* ko *off the light*. A wani wurin kuma mun yi hannun riga. A bakin Basine kalma ɗaya ce, ta, take tsaya wa namiji da mace da abu, don haka yakan kira mahaifiyarsa *he*. Yaronmu ba ya wannan, domin Hausa ta raba jinsi har ga kujera da tebur. Matsalarsa ita ce ba shi da gurbin *it*, sai ya kira mota *she* domin a gida mota mace ce. Malamin kirki a can da malamar kirki a nan abu ɗaya suke yi: sun san taswirar harshen yaro, sun san ramukan da ke kan hanya tun kafin a iso su.

Kuma ramukan nan ba na wasa ba ne, domin a Nijeriya Turanci ƙofa ce mai kwaɗo. Wanda bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, sauran sakamakonsa ba zai kai shi Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013 ba, komai kyansa. A jarrabawar JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma kowane ɗalibi sai ya yi shi ko me zai karanta. Yarinyar da ke burin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe za ta karanta takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci. Wadda za ta shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, ko saurayin da zai tafi Kwalejin Ilimi ta Maru, gobe su ne za su tsaya a gaban allo. Gwamnati kuwa ta daɗe tana kai-komo a kan harshen koyarwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa a ƙananan azuzuwa, a Nuwamban 2022 aka ce a kai shi har ƙarshen firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka soke aka ce a koma Turanci. Duk wanda aka zartar a Abuja, malamar da ke Bunguɗu ita za ta wayi gari da yaran da ba su jin Turanci a gida, ba su ji a kasuwa, ba su ji a masallaci. Minti arba'in na darasinta su ne rabonsu na yini.

Daga sauti malamar tamu ta Gusau take farawa. Yaron da ya iya karatun Hausa ya riga ya ci rabin yaƙi, domin ya san cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa. Sai dai bokon Hausa mai gaskiya ne, abin da ka gani shi za ka faɗa, na Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sauti kusan 44. Harafin c da yaro ya sani a cikin ciki da cokali, a Turanci sai ya zama k a *cat*, ya zama s a *city*. Malamar ba ta ɓoye musu wannan. Takan ce, "Wannan harafin a gidansu wata sana'a yake yi daban," ta rubuta misalai a jere har ido ya saba. Sai batun p da f, wanda a Zamfara ya fi ko'ina nauyi, domin mu tahi muke yi, hwari muke cewa, leɓɓa biyu muke haɗawa a inda Bature yake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Na ga ta yayyaga takarda ta raba wa yara, kowa ya riƙe ƙyallensa a gaban baki. In ka ce *pan* daidai, iska za ta fashe ta buge takardar. In ka ce *fan*, haƙori na kan leɓe, iskar sulalewa take yi. Ajin ya kaure da pa-pa-pa da fa-fa-fa, ana dariya, amma kafin a tashi yawancinsu sun raba *pull* da *full*. Don bambanta *ship* da *sheep* kuma ba ta je da nisa ba. Ta ce su faɗi gari na zama da gari na tuwo. Kunnensu ya riga ya san gajeren wasali da dogo tun suna goye, tuni kawai ta yi musu. Duk mai shakkar ko harshen Bahaushe zai iya, ya tuna Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta shahara da horar da ɗalibanta furuci, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya.

A wajen tara kalmomi ne na fi jin daɗin kallonta. Ranar farko da sababbin ɗalibai takan tambaye su kalmar Turanci nawa suka sani. Su ce goma, wasu su ce ashirin. Sai ta ce su lissafa mata abin da ke tashar mota. Nan take baki ya buɗe: direba, fasinja, birki, taya, sitiyari, makaniki, faci, injin, lasin. Ta ce su shiga asibiti: likita, nas, kati, bandeji. Su shiga barikin soja: kurtu, kofur, samanja, kyaftin. Tana rubutawa, a gefe tana sa asalin kowace, har allo ya cika. Yaro ya ga ashe kwalbati *culvert* ce, lasifika *loudspeaker* ce, kurtu *recruit* ne. Wanda ya shigo yana ganin ba shi da ko sisi sai ya tarar da jari a aljihunsa. Ba ta barin su a nan, takan nuna musu waɗanda suka sauya hali da suka zauna a cikinmu. Mashin a Gusau babur ne, amma *machine* ta haɗa da keken ɗinki da injin niƙa. Tiyata a wurinmu aikin likita ce, a wurinsu *theatre* ɗakin ne, kuma har gidan wasan kwaikwayo haka ake kiransa.

Akwai lissafi a bayan wannan aiki, kuma malamar ta san shi. Michael West, wanda ƙaramin ƙamusunsa ya ratsa makarantun Nijeriya shekaru da yawa, ya yi aikin koyarwa ne a Dhaka cikin yaran da Bangalanci ne harshensu, ya kuma lura cewa kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci. Waɗannan kaɗai sukan ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Adadin yana da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce a cikin kowace kalma biyar akwai ɗaya da ba ka sani ba, kamar mai tafiya a duhu da ke cin tuntuɓe kowane taku biyar. Binciken Paul Nation na New Zealand da abokan aikinsa ya nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kafin ya karanta abu ya fahimta ba tare da mai ja masa gora ba, kuma jarida ko littafin labari na manya suna neman dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Manhajar Sin tana neman ɗalibi ya kammala sakandare da kalmomi 3,000 zuwa 3,500. Wannan ne ya sa malamar ba ta ɓata lokaci a kan manyan kalmomin burga da ake jefawa a muhawara. Dubu biyun farko take bi, su take dasawa har su yi saiwa, domin su ne tuwon, sauran miya ce.

Yadda take dasawar ma abin kallo ne. Ba ta ba da kalma ita kaɗai kamar marainiya, sai da abokan tafiyarta. Ta taɓa rubuta sha a tsakiyar allo ta kewaye ta da da'ira, ta ce a kawo duk abin da ake sha. Aka kawo ruwa, magani, taba, rake, iska, wahala, kashi. Ta nuna musu cewa kowanne da aikatau ɗinsa a Turanci: *drink* ga ruwa, *take* ga magani, *smoke* ga taba, *chew* ga rake, *suffer* ga wahala. Washegari ta yi wa ci haka, cin abinci da cin jarrabawa da cin zaɓe da cin bashi. Rana ta uku ji, wadda ta tattare *hear* da *feel* da *smell* da *understand* a cikin haruffa biyu. Daga ranar na tabbata babu ɗalibinta da zai sake rubuta *I hear smell* bai tsaya ya yi tunani ba. Haka kuma take buɗe musu asirin ɗafi. Ta ce su duba ɗinka, maɗinki, ɗinki, ɗinkakke, saiwa ɗaya rassa huɗu. To haka *teach* take haifar *teacher* da *teaching*, kuma ɗafa-ƙeyar *er* aikin ma- ɗinmu take yi a manomi da maƙeri. Wanda ya gane *un* da *re* da *less* da *ful* ya samu mabuɗin ɗaruruwan kalmomi da bai taɓa gani ba.

Sannan sai tilawa, kuma da wannan sunan take kiranta. Kalma biyar take bayarwa a rana, a rubuce a kusurwar allo. Gobe kafin sabon darasi a maimaita na jiya, ranar Juma'a a bi na mako, ƙarshen wata a bi na wata. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna a 1885 yadda mantuwa take cinye sabon abu da sauri a kwanakin farko, da yadda bita a kan lokaci take rage ɓarnar. Alarammomin tsangaya sun san haka da aiki tun kafin a haife shi. A makarantun Sin ma akwai karatun safe, inda aji duka ke ɗaga murya ana bita kafin a fara darasi, abin da duk wanda ya taɓa wucewa ta makarantar allo da asuba zai gane. Inda malamar ta bambanta da mai hadda kawai shi ne ba ta karɓar kalma sai a cikin jimlar da yaro ya ƙera da kansa, a kan akuyar gidansu ko rumfar babansa.

Ƙasar nan ba baƙuwar nahawu ba ce. 'Yandoto, da ke kan hanyar Tsafe zuwa Gusau, cibiyar malamai ce tun kafin jihadin 1804, kuma har gobe a zaurukan Gusau ana karanta Ajurrumiyya, ana raba magana zuwa ismi da fi'ili da harafi. Yawancin yaran ajin nan da yamma Islamiyya suke zuwa. Malamar takan ɗauko wannan ta yi tsani da shi. In ta ce *subject* aka yi tsuru-tsuru, sai ta ce fa'ili, wanda ya yi aikin, kai ya fara gyaɗawa. In ta ce *object*, sai ta ce maf'uli. Har ƙananan kalmomin nan *a* da *the*, waɗanda ke wahalar da Sinawa ƙwarai domin harshensu ba shi da makamancinsu, ta samo musu dangi a gida. "Na ga wani yaro da wata mota. Yaron ya shiga motar." Wani da wata su ne *a*, baƙon da aka fara ambata. Ɗan -n da -r ɗin da ke wutsiyar yaron da motar su ne *the*, wanda aka riga aka sani. Ta faɗa musu gaskiya cewa ba ko'ina suke dacewa ba, amma sun isa a tsallaka da su. Takan kuma tsaya sosai a kan tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" ya ce "E", yana nufin bai ci ba. In likita ya yi wannan tambayar da Turanci aka ce masa *yes*, abin da ya ji shi ne an ci. Ta ce musu wannan ɗan bambancin yana iya sa a yi wa mutum aiki ko a fasa.

Duk wannan shiri ne na auna fahimta, inda ɗalibanmu suka fi zubewa. Dabarar da yara suka gada daga yayyensu ita ce a duba tambaya, a nemo jimlar da ke da kalma irin tata a cikin nassin, a kwafe ta ɗungurungum. Ana iya yin haka shekara shida ba a fahimci sakin layi ɗaya ba. Malamar ta kashe wannan dabara da abu mai sauƙi. Ranar da na sake zuwa, ta kawo wani ɗan rubutu da ta tsara da kanta a kan jirgin ƙasan da ke ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a da, yana kwasar gyaɗa da auduga. Kafin a buɗe takarda ta yi hira da su da Hausa: wa ya taɓa ganin tsohuwar tashar jirgi, me kakanninsu ke faɗa a kanta. Ta rubuta kalma shida da ta san za su tare hanya. Aka karanta a zuci, shiru, ba a bin layi da murya. Sai ta ce a kife takardu. "Hajiyata," ta ce wa wata ƙaramar yarinya a layin gaba, "ba mu labarin da Hausa, kamar kina ba kakarki." Ba yadda za a yi a kwafi jimla a nan. Ko ka gane ko ba ka gane ba, kuma nan take malamar ta ji daidai inda zaren ya tsinke.

Ya tsinke ne a kan *although*. Yarinyar ta ba da rabin jimlar ta bar rabi, sai ma'anar ta juye. Malamar ta ce a buɗe takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi, *although* da *however* da *therefore* da *unless*, ta ba su takwarorinsu: ko da yake, amma duk da haka, saboda haka, sai dai in. Ta kira su ƙullin igiya, ta ce mai son sanin inda marubuci ya dosa ƙullin zai bi. Bayan haka aka shiga farautar wakilan suna. Duk inda aka ga *it* ko *they* ko *which*, sai a ja kibiya zuwa abin da take nufi. Yara suka yi ta gardama a kan wata *they*, ko manoma ce ko buhuna, kuma gardamar nan ita ce karatun. Sai a ƙarshe ta ce kowa ya rubuta abin da sakin layin ya ƙunsa a jimla ɗaya ta Turanci, da kalmominsa. Wannan shi ne ainihin abin da sashen taƙaitawa na WAEC yake nema, ta fara gina shi shekara biyar kafin ranar.

Abin da ya fi ƙaranci a hannunta shi ne littafi. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labari kusan 250 a kowane aji na wasu makarantun karkara a tsibirin Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne, sai fahimtar karatun yaran ta riƙa haɓaka kusan ninki biyu na yadda aka saba. Kalma ba ta zama taka sai kun haɗu sau da yawa a wurare daban-daban, kuma labari ne kaɗai ke iya shirya wannan haɗuwar ba gajiya. Na tuna yadda littattafan Pacesetters suka riƙa yawo hannu zuwa hannu a zamaninmu har bango ya cire, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda ya sa muka ga ashe ana iya ba da labarin mutanen Kano da Turanci. Laburaren malamar nan kwalin taliya ne. A ciki akwai tsofaffin littattafan da ta tsinto wurin masu sayar da na hannu, ta ɗinke su da zare, ta jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ana ara ranar Alhamis a dawo da shi Litinin, kuma kuɗin aro shi ne ka ba aji labarin abin da ka karanta.

Tana wannan aiki ne a jihar da makaranta ta sha wuya. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da na ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumban shekarar, an rufe makarantu, yara suka zauna a gida wata da watanni. Har yanzu a tsakiyar zango sai a kawo mata yaro daga wani ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu da iyayensa suka yi gudun hijira, shekarunsa sun kai na aji biyu amma bai iya haɗa baƙi ba. Irin wannan ba ta fara masa da Turanci. Takan zaunar da shi lokacin tara ta koya masa karatun Hausa tukuna, irin tsarin da shirin RANA ya yaɗa a firamaren Zamfara da Katsina, domin ta ga da idonta abin da gwajin Farfesa Babs Fafunwa na Ife ya nuna tun daga 1970: yaron da ya kafu a harshensa ba ya baya a Turanci.

Zuwana na ƙarshe ana dab da hutu, zafi ya fara. Na nemi littafin yaron nan mai maganin babansa. A shafin ranar ya rubuta *My father took his medicine and went to the farm*, babu gyara ko ɗaya. A jimla ta gaba ya rubuta cewa akuyarsu *she* ta haihu, ya soke ya sa *it*, ya sake sokewa ya mayar da *she*. Malamar ta duba, ta ce masa duka biyun sun halatta ga dabbar da ka san jinsinta, ta sa masa alamar daidai. Aka buga ƙararrawa. Ta ce wa mai goge allo ya goge komai ya bar kusurwar dama, inda kalmomi biyar na tilawar gobe suke.